Sifana mai arha da mai tsada a gyaran inji: akwai bambanci ko suna ake saya?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya turo ita ce: ya fara koyon gyaran injin mota, yana so ya haɗa nasa akwatin kayan aiki, sai ya ga wani saitin sifana da soket ya ninka wani a kuɗi sau da yawa alhali a ido duk ɗaya suke, duk ƙyalli suke yi, duk an buga musu lamba. Shine yake tambaya, da gaske akwai bambanci ko suna kawai mutane ke saya?

Toh ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'ar. Bambanci akwai shi, amma ba a kowane ƙarfe yake ba, kuma wanda duk ya ce maka sai ka sayi komai mai tsada ko ya ce maka duk ɗaya ne, to dukkansu biyun basu gaya maka gaskiya ba. Ni abin da nake dubawa kafin in fitar da kuɗi abu ɗaya ne: idan wannan ƙarfen ya gaza a tsakiyar aiki, shi kaɗai zai mutu ko zai tafi da wani abu? Guduma in ta karye, guduma ce ta karye, ka sayi wata. Amma sifana in ta gaza ba ita ke ciwo ba, kan noti take cinyewa, kuma notin nan yana jikin injin wani ne ba naka ba.

Bari in nuna maka yadda abin yake faruwa. Ka ɗauki notin manifol ɗin salansa, irin wanda yake can bayan inji kusa da bangon mota, wanda ya sha zafi da tsatsa shekaru, baka ma ganinsa sai dai ka laluba da yatsa. Ka zura sifana mai arha, ta shiga amma tana ɗan rawa a kai, ka ja, sai kaji ta yi laushi a hannunka kamar notin ya fara kwancewa, alhali ba kwancewa ya yi ba, kusurwoyinsa shida ne suka fara lanƙwashewa. Ka sake ja, ta zame. Yanzu kan ya mulmule, ko ka kawo soket mafi kyau a duniya babu inda zai kama, kuma wurin babu sararin da zaka sa guduma da kurfi, babu sararin filaya mai kulle, aikin da bai wuce minti goma ba ya koma sai an sauke abubuwa uku huɗu kafin a kai gare shi, wani lokaci sai an kira mai walda ya ɗora wani noti a kai. Kuɗin da ka rage a sifanar ka biya shi a yinin nan har da riba.

Me ya sa take yin haka? Abu biyu ne, awo da ƙarfe. Sifana lamba 10 dama ba milimita 10 cif take ba, dole ta ɗan fi kaɗan domin ta shiga, amma wannan ɗan kaɗan ɗin yana da iyaka, kamfanoni masu bin ƙa'idar awo ta duniya ISO ko DIN ta Jamus suna tsayawa cikin iyakar, masu buga na arha kuwa yau ta fito daidai gobe ta fito da faɗi, a saiti ɗaya zaka samu 12 ta yi cif 13 kuma tana lilo. Duk sanda ta yi faɗi to ƙarfin hannunka baya sauka a gefen notin, a kan tsinin kusurwa yake sauka, wurin da ya fi ko'ina rauni. Sai ƙarfen kansa. Kusan kowa yana buga Cr-V a jikin kayansa, wato ƙarfe mai haɗin kuromiyam da banadiyam, amma bugun haruffa ba shi da wuya, inda aikin yake shine gashin ƙarfen, yadda aka zafafa shi aka sanyaya aka sake ɗumama shi. In ba a gasa shi sosai ba zai yi taushi, bakin filat sifana zai buɗe a hankali har ta koma ba 13 ba ba 14 ba. In kuma an wuce gona da iri ya yi tauri fiye da kima, ba zai lanƙwashe ba, fashewa zai yi lokaci ɗaya, kuma lokacin da ka sa dukkan ƙarfinka ne zai fashe. Kar ka manta boltin da kake kwancewa a inji ba na ƙofar gida bane, ka duba kansu zaka ga 8.8 ko 10.9, wasu 12.9, waɗannan lambobin ƙarfin ƙarfen ne, mai 10.9 yana jure ja kusan megafaskal 1000 (ma'aunin ƙarfin da ƙarfe ke jurewa), to in sifanarka ta fi boltin taushi wa kake ganin zai ci wani?

Akwai kuma ƙyallin nan da ke ruɗar mutane. Fentin kurom na arha ɓarewa yake kamar ƙwai, yana yanka yatsa, kuma in kana aiki a kan inji buɗaɗɗe ɓarɓashin na iya faɗawa cikin ramin mai ba ka sani ba. Yawancin kayan Jamus masu kyau ma basu da ƙyalli sosai, dishi-dishi suke, saboda kada su zame a hannu mai baƙin mai.

Maganar soket, ga shawarar da ta fi suna muhimmanci: ka sayi mai kusurwa 6 ba mai 12 ba. Soket mai kusurwa 6 na matsakaicin kuɗi ya fi mai kusurwa 12 na tsada riƙe tsatsattsen noti, domin ya rungume gefen ne gaba ɗaya. Sannan ka leƙa cikinsa da kyau, masu kyau zaka ga an ɗan rarake kusurwoyin sun yi zagaye, saboda soket ɗin ya tura gefen noti ya ƙyale tsinin. Kamfanin Snap-on na Amurka ne ya shahara da wannan dabarar tun shekarun 1960, a da su ke da ita, yanzu kuwa kamfanoni da yawa suna yi har da masu sauƙin kuɗi, kaga kenan ba sai ka kai can sama ba kafin ka samu. Mai kusurwa 12 yana da ranarsa dai, akwai boltin tof silinda da na konrod da na filawil a wasu injinan da kansu mai tsini 12 ne, waɗannan dole sai shi, kuma nan ma ka sayi mai kyau ɗaya tak na girman da kake buƙata.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shine kauri. Mai ƙarfe mara kyau ya san ƙarfensa, shi ya sa yake ƙara masa kauri don kada ya fashe, sai ka zo sa soket ɗin filogi lamba 16 ko 14 a cikin ramin tof silinda na injinan zamani ya ƙi shiga, ko ya shiga ya maƙale, ko rin sifana ta kasa wucewa tsakanin noti da jikin inji. Mai kyau siriri ne kuma ya fi ƙarfi, wani ɓangare na kuɗin da kake biya na wannan sirantar ne.

Racet kuwa, wato hannun soket mai haƙora a ciki da ke juyawa gefe ɗaya, mutane suna yawan zaluntarsa sannan su zage shi. Eh, na arha haƙoransa basa haɗuwa sosai, yana tsallake, kuma ranar da zai tsallake ranar da gaɓoɓin yatsunka ke fuskantar lagireto ne. Yawan haƙora ma yana da amfani a matsattsen wuri, mai haƙora 36 sai ka karkata hannu digiri 10 kafin ya kama na gaba, mai 72 digiri 5, mai 90 digiri 4, a wurin da hannunka baya motsi sosai wannan shine bambancin aiki ya yiwu ko ya ƙi. Amma fa ko na wane kamfani ne, racet ba a yi shi don fasa ɗaurin farko ba. Ka yi lissafi: mutum mai kilo 70 ya zura fayif mai tsawon mita ɗaya ya rataya a kai, ya sauke kusan Nm 690 (niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗa) kenan a kan ɗan murabba'in ƙarfe da wasu ƙananan haƙora, alhali notin tayar ƙaramar mota wajen Nm 100 zuwa 120 ake ɗaure shi. Racet mai murabba'in inci 3/8 ba zai ɗauka ba, ko mai rabin inci zalunci ne. Ka sayi fawa handul dogo mai rabin inci, shi babu haƙora a ciki, ka fasa da shi sannan ka ƙarasa da racet, in kayi haka ko racet na matsakaicin kuɗi zai daɗe a hannunka. Haka nan bindigar iska ta kwance noti, kada ka taɓa ɗora mata soket mai ƙyalli komai tsadarsa, nata baƙaƙe ne masu kauri, galibi an buga musu Cr-Mo, an gasa su yadda zasu sha duka ba tare da sun tarwatse ba, mai ƙyalli kuwa in ya fashe a bakin bindiga tsalle yake yi, ido ba shi da sifiya.

Yanzu inda nake so ka buɗe aljihu ba tare da ciniki da zuciyarka ba: ƙananan kawuna. Alanki, Torx, sukundireba, da duk wani abu da yake shiga cikin kan bolt maimakon ya rungume shi. Nan ƙarfen siriri ne, babu inda za a ɓoye rashin kyau da kauri. Alanki mai arha lamba 5 ko 6 kusurwarsa ce ke murɗewa ta lashe ramin, kuma bolt mai rami in ya lashe ya fi noti wahala sau goma don sau da yawa a nutse yake cikin jikin almuniyam. Torx, mai kai kamar tauraro, wanda kamfanin Camcar ya fito da shi a 1967, yana riƙe ƙarfi sosai amma sai in girman ya yi daidai, T27 yana shiga ramin T30 kamar nasa ne sai ka ja ka gane ba nasa bane, kuma saitin arha da yawa ma awonsu tsakanin biyun yake yawo. Motocin Jamus kuma suna da wani mai tsini 12 da ake kira XZN, yayi kama da Torx amma ba shi bane, wanda ya cusa Torx a ciki ya sayi wahala. Sannan ga maganar sukurorin Jafan, a kafireto da tsofaffin babura da wasu sassan injinan Toyota da Honda zaka ga sukuru mai alamar kuros da ɗan ɗigo a gefen kansa, wannan na ƙa'idar Jafan ne da ake kira JIS, sukundireba mai kuros na yau da kullum, wato Phillips, yana son ya fito daga ramin in ka matsa, ya bar maka shi a cinye. Mutane da yawa sun ɗauka sukurun ne mara kyau, alhali sukundireban ne ba nasa ba.

Mafi muni a cikin wannan sahun shine abin ciro karyayyen bolt, wancan mai zaren hagu da ake hudawa a murɗa. Ƙarfensa ya fi bolt tauri nesa ba kusa ba, to in na arha ya karye a cikin ramin, yanzu kana da wani ƙarfe a ciki da bakin diril na yau da kullum baya ci. Haka abin yanka zare. Waɗannan ko ka sayi masu kyau ko ka haƙura ka kai wa mai lata, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai tok renc, sifanar awon ɗauri. Matsalar ta arha ba karyewa bace, ƙarya take yi kuma baka da yadda zaka gane. Ta yi ƙas kaji daɗi, alhali ta wuce ko bata kai ba. A tof silinda in bata kai ba gasket zai ƙone bayan ɗan lokaci, ruwa ya haɗu da mai, mai mota ya dawo yana cewa aikinka ne. In ta wuce kuma a jikin almuniyam zare take zarewa, filogi mai zaren milimita 14 wajen Nm 25 kawai yake so, ƙananan boltin murfin bawul masu kai lamba 10 wajen Nm 10, kaga ɗan ƙari kaɗan ya isa ya kashe zaren. Ƙa'idar ISO 6789 ta ce irin mai yin ƙas ɗin nan kada kuskurenta ya wuce kashi 4 cikin ɗari a yawancin awonta, kuma a sake gwada ta duk wata 12 ko bayan ɗauri 5000. Ka nemi wadda ta zo da takardar gwaji mai lambar da ta yi daidai da ta jikinta. Ba sai mai tsada can ba, akwai na tsakiya masu gaskiya. Kuma ko mai tsadar in ka bar ta a ɗaure a babbar lamba sifirin ɗin ciki gajiya yake, ka mayar da ita ƙaramar lamba in ka gama, kada ka kwance noti da ita, kada ka yi aiki a ƙasa da kashi 20 na ƙarfinta, wato wadda ta kai Nm 200 ba ta ƙananan bolt bace, guda biyu zaka buƙata. Kana iya gwada ta da kanka ma, ka kama kanta a bais hannun yana kwance, ka rataya nauyin da ka sani a tazarar da ka auna, kilo 20 a rabin mita kusan Nm 98 ne, ka ga ko zata yi ƙas a nan. Abu ɗaya da tok renc ba zata yi maka ba shine karanta littafin injin, kusan kashi 90 na ƙarfin da kake sawa gogayya ce ke cinye shi a zare da ƙarƙashin kan bolt, don haka in littafi yace a bushe kai ka shafa mai, lambar ta zama wata aba daban. Injina da yawa na yanzu ma bayan awon sai an ƙara digiri, misali 90, kuma boltinsu miƙewa suke, ba a maimaita su.

Inda arha bata da laifi kuwa yana da yawa. Guduma, burushin ƙarfe, maganaɗisun ɗauko abin da ya faɗi, madubin leƙe, mazurari, kwanon tarar baƙin mai, estenshan, duk ka sayi na sauƙi. Manyan sifanu daga 24 zuwa sama da zaka taɓa sau ɗaya a wata, ƙarfen yana da yawa a jikinsu ko ba mai kyau bane sosai zai yi. Kuma kowane bakanike yana buƙatar wasu sifanu na banza da ba zai ji ciwo ba in ya yanke su ko ya zafafa ya lanƙwasa don su kai wani lungu, su ne kuma na bayarwa aro, don wanda ya ari mai kyau ba kasafai yake tuna hanyar dawowa ba. Lamba 10 kam ka sayi da yawa, wannan ba inganci ke kashe ta ba, ɓata take yi, kowa a sana'ar nan ya sani.

Abin da ke riƙe nauyi a saman jikinka kuma wannan ba maganar tattali bace. Ƙafafun da ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga ta da jak, abin matse sifirin ɗin shokozoba, sarƙar ɗaga inji. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye irin ƙafafun nan kusan miliyan 1.7 daga hannun mutane saboda haƙorin da ke riƙe su yana iya sakewa mota ta faɗo. Ko masu kyau ne ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar a matsayin na biyu.

Kasuwar kanta hawa uku ce ba biyu ba. Can sama akwai su Snap-on, da Hazet da Stahlwille da Gedore na Jamus, Facom na Faransa, Koken da KTC na Jafan, Knipex a wajen filaya. Kayansu suna da kyau ba musu, amma wani ɓangare na kuɗin na garanti ne da dillalin da zai canza maka in ya karye, in inda kake babu wanda zai canza maka to ka biya abin da ba zaka mora ba. A tsakiya akwai kayan da galibi ake yi a Taiwan, da wasu masana'antun Sin masu bin ƙa'ida, a ganina nan ne mai farawa ya kamata ya tsaya, aikin da zasu yi maka ya kusa na saman sosai a kuɗin da bai kai rabi ba. A ƙasa kuma akwai marasa suna, akwati guda mai ɗauke da abu ɗari da wani abu wanda rabinsu ba zaka taɓa amfani dasu ba. Sannan ga jabu, wanda ni a wurina ya fi mara suna sharri, domin mara suna ka san matsayinsa zaka bi shi a hankali, jabu kuwa ka yarda da sunan da ke jikinsa ka sake masa ƙarfinka. Duk inda ka ga babban suna a ƙaramin kuɗi kuma sabo fil, ka ajiye. Na hannu na asali da ya tsufa ya fi shi, muddin bakinsa bai buɗe ba.

In zaka saya ka tafi da sababbin bolt biyu uku a aljihu, mai kai 10, 12 ko 13, da 17. Ka sa sifanar ka girgiza, ka gwada ta wani kamfani a kan bolt ɗin dai, hannunka zai gaya maka bambancin kafin mai kaya ya buɗe baki. Ka duba ko lambar bugawa aka yi ta nutse ko fenti ne da zai goge, ka shafa gefuna ko akwai kaifi, ka juya racet baya da yatsa biyu kaji ko yana tafiya sumul ko yana jan soket ɗin tare da shi. Ka kuma lura da lambobin da ke cikin saitin, wasu suna tsallake lamba don su rage kuɗi, motocin Jafan 8, 10, 12, 14, 17, 19 suka fi ci, na Turai kuma 13, 16 da 18 suna yawa, saitin da babu 16 da 18 zai tsayar da kai a kan motar Jamus. Kuma kada wani ya haɗa ka da na inci yace duk ɗaya ne, 3/4 da 19 sun yi daidai, 5/16 da 8 ma haka, amma rabin inci milimita 12.7 ne, in ka ɗora 13 a kan noti mai rabin inci da ya yi tsatsa zata kama kamar gaske sannan ta cinye shi.

Da ni ne kai da kuɗi kaɗan a hannu, zan fara da saitin soket mai kusurwa 6 na tsakiya daga 8 zuwa 19 da racet 3/8, fawa handul mai rabin inci da soket manya kaɗan, sifanu masu rin a gefe ɗaya filat a ɗayan, sai alanki da Torx da sukundireba mafi kyau da aljihuna zai iya. Tok renc ta biyo baya kafin in taɓa buɗe tof silindar kowa, kafin nan in ara a wurin maigida. Sauran kuma duk wanda ka ga ya fara gajiya a hannunka to shine wanda kake yawan aiki da shi, shi zaka canza da na sama, ɗaya bayan ɗaya, ba sai ka sayi saiti gaba ɗaya ba.